Shekarar da Aka Hana Baba Yaɓe

Ba zan manta da ranar da labari ya iso mana cewa an sa tsohuwar makarantar ƙauyenmu cikin kayan tarihi ba. Inna na juya kifi a kan banda, Baba kuma yana jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar da yake haɗawa da ƙasa don yaɓe. Ya yi murna ƙwarai.

Makarantar a kan tudu take, shi ya sa ruwan dam bai ci ta ba lokacin da ya ci tsohon gari. Ginin tubali ce mai kaurin bango da rufin azara. Da tsakar rana ma cikinta sanyi kamar randa. Mahaifin Baba ne ya gina ta, Baba kuma duk shekara kafin damina sai ya yaɓe ta, ba wanda ya sa shi.

Ya kai rabin bangon gabas sai ga baƙi a mota, da igiyar awo. Suka auna, suka ɗauki hotuna, suka yi ta yabon hikimar mutanen da. Ɗan mai hikimar yana kan tsani, laka har gwiwar hannu, ba wanda ya tambayi sunansa.

Babbansu ya ce, "Dattijo, sauko. Yanzu doka ta hana taɓa ginin nan. Ƙwararru za su zo."

"Yaushe, Yallaɓai?"

"In an kammala rahoto."

Baba ya ce, "To ku aika ma hadari kwafi guda, shi ma shi jira."

Suka kafa allon ƙarfe, suka zuba masa siminti, suka ajiye mai gadi. Da indararo ya toshe, Baba ya roƙi a bar shi ya zura sanda kawai. Mai gadin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, bakin aikina."

Cikin watan Agusta rufin ya rufta. Allon ko girgiza bai yi ba. Baba ya je ya duba, ya dawo, kuma bai sake bin hanyar ba har ya rasu da kaka. Allah Ya jiƙansa.

Ƙwararrun sun zo daga baya. Sun sake wa allon fenti.

Abin da na koya shi ne, ginin ƙasa hannu ke raya shi, kuma da ka hana hannun ka kashe shi. Bangon gabas yana nan tsaye. Sawun yatsun Baba ya tsaya daidai taga, sauran rabin har yau ba a yaɓe ba.