Akwatin Mushen Inglishi

Shekarar da gero ya ƙone tun yana kara, aka kawo ni kwalejin Tasawa daga Urafane, na sauka gidan kawuna, tela ne a bakin kasuwa. Sojoji ke mulki, kowa ya koyi duba bayansa kafin ya yi magana, ban da kawu. Yana taka keke yana faɗin inda jar dawar taimako ke kwana kafin ta kai ga talaka.

Mushenmu na Inglishi, wato malaminmu, baƙo ne daga wata ƙasa ta bakin teku, Hausarsa ta ciniki ce kawai. Yana da ƙaramin akwatin ɗaukar murya da yake ajiyewa kan tebur. Ya ce Turawa na da kalmomin da rubutunsu ɗaya ne, in ka danna farkon kalmar suna ce, in ka danna ƙarshenta aiki ce. Sai ya buga tebur daidai inda nauyin yake, ya kira mu ɗaya bayan ɗaya mu faɗa cikin akwatin, ya maido mana mu ji. Ni na fi kowa iyawa, kuma ni na fi kowa tsanar abin. Wane irin malami ne ke tara muryoyin 'ya'yan mutane ya tafi da su gida?

Ran nan na dawo na iske mushen zaune kan bencin kawu, ya kawo gyaran wando, jakarsa a cinya. Kawu kuwa ya saki baki kan dawar taimako, shi mushen yana ta murmushi yana gyaɗa kai. In aka ɗauke kawu, karatuna ya ƙare, gidan ma ba mai ci da shi.

Da ya tafi na ce, "Kawu, akwatin ga na cikin jikka tai. Komi aka hwaɗa ɗauka yakai."

Ban ga akwatin ba. Jaka kawai na gani.

Kawu ya maida wa mushen wandonsa ba gyara. Kafin sati ya zagayo magana ta gama kasuwa. Mai shayi ya daina ganinsa, mai ɗakin da yake haya ya tuna yana da ƙane da zai yi aure. Iyaye suka je wurin darakta suka ce ba su yarda a ɗauki muryar 'ya'yansu ba. Bai kai ƙarshen shekara ba ya nemi canji.

Ranar tafiyarsa ya tsaida ni bakin aji ya miƙo mini kaset, ya ce in ci gaba, kunnena yana da kyau. Na karɓa. Na ari rediyon maƙwabta, muka rufe ƙofa ni da kawu, muka saurara gaba da baya muna jiran mu ji maganar dawa.

Ba komai sai mu, muna maimaita kalmomi, da bugun tebur, da tarin wani yaro. Can wajen ƙarshe muryata ta fito, sai tasa a bayanta da Hausarsa mai gargada: "Madalla, 'yata. Sake, su ji."

Kawu ya kashe rediyon. Ya tambaye ni ko da idona na ga akwatin ranar nan. Kunya ta rufe ni, na ce masa a'a.