Ramin da Ya Cinye Takin Rabo

Rabo, Allah ya jiƙansa, mutumin Bazaga ne, manomin hatsi mai shanu kaɗan da jaki guda. Tun tasowarsa, da rani ya kama sai ya kwashe kashin shanun gidansu a mangala, ya kai gona, ya zuba tsibi-tsibi yana jiran ruwa. Gonar jigawa ce, ba ta ba da komi sai an ciyar da ita.

Bayan yunwar tamanin da huɗu itace ya yi nisa, masu gandun daji suka tsananta. Matarsa Gimbiya kan fita da hantsi, ta komo azahar da 'yan ƙirare. Sai ga mutanen furoje, ma'aikatan raya karkara, da simintin Malbaza, suka gina masa rami mai murfi a bayan garke. A dama kashin shanu da ruwa, a zuba, iskar da ke tashi ta bi tiyo har murhu. Ran da aka ƙyasta ashana wuta ta kama, shuɗiya, ba hayaƙi. Mata suka yi ta salati.

Wansa Mato ya leƙa ramin, ya toshe hanci.

"Kai Rabo, wagga mata taka ta siminti, mi taka ci?"

"Kashi ɗai, Yaya."

"To gona fa, azumi za ta yi?"

Rabo ya yi dariya.

Ramin kuwa ba ya ƙoshi. Kullum sai an ba shi ɗanyen kashi da ruwan rijiya, in an ƙetare wutar ta yi ƙasa. Ruwan takin da yake amayarwa an ce a kai gona, amma mangala ba ta riƙe ruwa, jakin ma ya gaji da jido. Nan ya bushe bayan gida, kaji na tono.

Damina ta farko hatsi ya yi dama-dama. Ta biyu ya tsiro rawaya, ya tsaya iya gwiwa, ga na Mato gab da shi baƙi ƙirin.

Da kaka Rabo ya shigo da 'yan dammunan da ya samu, ya tarar Gimbiya ta ɗora tukunya, ruwa na tafasa.

"Maigida, a sussuka daga na bana, ko a jira?"

Ya dubi rumbu, ƙasansa ma bai rufu ba. Daga bayan garke ramin na gurnani a hankali, lokacin ba shi abinci ya yi.