Jawabin da Gaisuwa Ta Cinye

Lokacin da nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata kusa da Ƙofar Dumi, ni aka damƙa wa ƙungiyar koyon jawabi. Bayan an tashi mukan zauna gindin darbejiya ina koya musu tsara magana: da me za ki buɗe, me zai biyo baya, a ina za ki tsaya.

A cikinsu akwai wata 'yar maƙeri, mai sanyin murya amma ba ta da tsoro. Ita aka zaɓa ta yi magana a madadin ɗalibai ranar bikin raba kyaututtuka. Ta ce a kan kwatar bayan makaranta za ta yi, wadda ta toshe, da damina ruwanta ke malalowa har bakin azuzuwa.

Da farko komai ta zubo a cakuɗe: sauro, wari, takalman da ke ruɓewa, ƙanwarta da zazzaɓi ya kwantar a asibiti.

Na ce, "Duk gaskiya ne, amma kin jibge su kamar kayan gwanjo. Wanne ya fi ci miki rai?"

Ta ce, "Ƙanwata, Malama."

"To da ita za ki buɗe."

Haka muka yi ta gyara. Bayan labarin ƙanwar sai ta faɗi abin da ya toshe kwatar, sai ƙoƙarin da ɗalibai suka riga suka yi da tsintsiya da shebur, sannan ta rufe da roƙo ɗaya tak, a turo masu yashewa kafin ruwa ya sauka. Ta haddace shi tsaf. Ranar da ta gwada a gaban 'yan ƙungiya, tsit suka yi har ta gama.

Ana gobe biki mataimakin shugaban makaranta ya kira mu ofis, ya ce ta yi ya ji. Ko rabi ba ta kai ba ya ɗaga hannu.

"Ina gaisuwar manya?"

Na ce, "Malam, ai ta gaishe su gaba ɗaya tun a farko."

"Gaba ɗaya? Mutanen da suka bar ayyukansu suka zo?"

Nan ya shiga jero mata baƙi, kowa da muƙaminsa da sarautarsa, har da wakilan waɗanda ba za su zo ba. Labarin ƙanwar kuma ya ce ya jira sai an gama gaisuwa da godiya, kada a ɓata wa mutane rai tun daga zama. Na ce ɗan lokacin da aka ba ta ba zai ɗauki wannan ba. Ya ce, "Malama, ke littafi kika sani, ni taro na sani."

Washegari ta hau dandamali, ta fara gaisuwa. Duk wanda ta ambata sai an tafa, ita kuma sai ta jira tafin ya lafa. Ina tsaye gefen rumfa ina kallo. Da ƙyar ta fita daga jerin, ta ja numfashi ta ce, "Bara da damina, ƙanwata..." Sai mai gabatarwa ya matso ya zare makirufo daga hannunta yana murmushi, ya ce lokaci ya ƙure, a tafa wa wannan yarinya mai ladabi. Bayanta mataimakin ya karɓa, ya maimaita gaisuwar nan kaf, babu wanda ya duba masa agogo.

Na same ta a bayan rumfa tana murɗa bakin hijabinta. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Malama, a ina na yi kuskure?"

Wannan tambayar ce har yau take ƙona min rai. Yarinya ta yi aikinta daidai, babba ya wargaza, ita kuma take neman laifin a jikinta.

Ban jira an watse ba na tari mataimakin. Na gaya masa mun hana yarinya faɗin abin da ya kawo ta. Ya dube ni da mamaki na gaskiya, ya ce ai babban baƙo ma ya yaba da tarbiyyarta, me kuma nake nema?

Da shekara ta zagayo ya aiko a kawo masa sabuwar mai jawabi ya saurara. Na ce ya zo gindin darbejiya ya ji tare da kowa, amma ba za a taɓa tsarin ba. Bai zo ba. Kafin ƙarshen zangon aka ba wani malami ƙungiyar, ni kuma aka mayar da ni kula da masu makara a bakin ƙofa.