Malam Kyari da Gwangwaninsa Mai Gurnani

Duk wanda ya taɓa zama a shagon Malam Kyari mai gyaran rediyo ya san ba ya yarda batir ya mutu sai ya lasa. Ka kawo masa ƙaramin batir ɗin nan mai kusurwa huɗu ka ce ya ƙare, sai ya harare ka, ya zaro harshe ya ɗana. Ka ga ido ɗaya ya rufe, gemu ya motsa, sannan ya ce, "Da sauransa!" Kuma ba zai ƙyale ka ba sai kai ma ka lasa ka shaida. Wallahi na lashi batir a shagon nan fiye da yadda na lashi zuma a rayuwata.

Mu huɗu ne muke haɗuwa a ƙofar shagon duk Juma'a bayan la'asar: shi, da Garba direba, da Habu mai walda, da ni da yake kira Ticha saboda na yi koyarwa kafin in yi ritaya. A lokacin matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma duk sun watse neman abinci, daga mai Kano sai mai Legas. Wata Juma'a ya shiga ciki ya fito da tsohuwar jita mai amfani da wuta, wadda ya kaɗa a Maiduguri yana saurayi. Ya ce akwai wani ɗan akwati da ake haɗa ta da shi, in ka taka da ƙafa sai muryarta ta dushe ta koma gurnani. Shekara da shekaru yana son wannan sautin, kuma mu za mu haɗa akwatin da hannunmu.

Garba ya ce, "To Malam, ba a sayar da shi ne a Kano?"

"Ana sayarwa. Tuwo ma ana sayarwa, me ya sa kake ci a gida?"

Nan take ya raba aiki. Ni ne mai karanta zanen yadda ake haɗa akwatin, tunda bayaninsa da Turanci yake. Habu ne mai darma. Garba kuwa aka ce ya riƙe waya ya yi shiru, kuma na biyun ne ya gagare shi.

Dokar Malam Kyari ɗaya ce: ba za a sayi komai sabo ba. Akwatin, gwangwanin kifi ne. Abin takawar, maɓallin hon ne na wani mataccen babur. Sai wata 'yar aba mai ƙafa uku da ake kira tiransista, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. Ya ce na zamani ba su da murya, sai irin na tsofaffin rediyo, kuma ya san wani masunci a wajen Guri da ke da irin rediyon. Damina ce, ruwa ya cinye hanya. Muka hau babura, muka sauka, muka shiga kwalekwale. Masuncin ya ce rediyon ta mahaifinsa ce, ba zai rabu da ita ba. Malam Kyari ya zauna a ƙasa ya gyara masa ita kyauta, ya sa masa sabuwar tiransista, ya cire tsohuwar ya cusa a cikin hularsa.

A hanyar dawowa iska ta fizge hular ta jefa a ruwa. Jama'a! Kafin mu ce wani abu, dattijon nan ya yi salati ya faɗa kogi. Garba yana ihu, "Ku cece shi! Ku cece shi!" Sai ga Malam Kyari ya miƙe tsaye a cikin ciyawa, ruwan ko gwiwarsa bai kai ba. Ya ɗaga hular, ya laluba, ya ce, "Tana nan. Ku daina tara mini mutane."

Bayan wata biyar muka ce an gama. Ya jona jita da gwangwani, ya jona gwangwani da lasifika, ya yi bismilla ya taka. Sai muka ji murya tangaram tana cewa, "…ana sanar da 'yan uwa da abokan arziki ɗaurin auren…" Gwangwanin ya kamo tashar rediyo! Habu ya faɗi daga kan benci don dariya.

"Wata biyar muna ƙona yatsu," in ji Habu, "ashe rediyo muka ƙirƙiro. A shagon mai gyaran rediyo!"

Malam Kyari ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Ya yi aiki. Ba dai aikin da aka sa shi ba ne."

Ranar da ya yi na gaskiyar kuwa ba zan manta ba. Ya taka, ya ja tsirkiya ɗaya, sai wani gurnani ya fito wanda na ji shi har cikin haƙorana. Awakin layin suka watse. Ya rufe ido yana kaɗawa, fuskarsa ta koma ta ɗan shekara ashirin. Muna cikin haka sai ga maƙwabciyarsa Inna Falmata da kwanon jiƙaƙƙen wake a ka.

"Malam, ashe injin niƙa ka sayo ba ka faɗa mana ba? Ga waken ƙosai, a niƙa mini da laushi."

Mu muka zata zai ji haushi. Ina! Ya dube mu yana washe baki ya ce, "Kun ji ko? Wannan shi ne sautin."

Juma'ar da ta biyo baya muka iske gwangwanin a buɗe, wayoyi a warwatse. Ya ce da sauransa, sautin bai nuna ba. Muka sake haɗawa. Wata Juma'ar ma haka. Sai da muka yi sau huɗu. Garba ya fara cewa aljanun kogin Guri ne suka biyo mu.

Rannan na riga kowa zuwa, na shiga ba tare da ya ji sallamata ba. Na same shi da almakashi, ya datse wata jar waya yana tura ta ƙarƙashin sauran. Muka haɗa ido.

Na ce, "Malam Kyari, ashe kai ne aljanin?"

Ya ajiye almakashin. Ya dubi titi ya ce, "Ticha, in abin nan ya kammalu, me zai riƙa kawo ku?"

Ban faɗa wa kowa ba. Da Habu ya zo, ni da kaina na nuna masa jar wayar na ce ɓera ne.

Amma zaman bai ɗore ba duk da haka. Idon Garba ya yi rauni, ɗansa ya zo ya tafi da shi Kano. Habu ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun darmar ne ma ya tafi. Saura ni, kuma ni ban iya riƙe ƙarfen darma ba. Sai mu zauna mu biyu, gwangwani a tsakaninmu, hira ta ƙare tun rana ba ta yi sanyi ba. Na fara tsallake Juma'a. Yau in ce suna, gobe in ce ƙafa. Juma'a uku a jere ban je ba. Ranar Talata da hantsi Inna Falmata ta aiko cewa ta leƙa shagon ta same shi a kan kujerarsa, rai ya yi halinsa.

Da 'ya'yansa suka zo kwashe kaya, babban ya miƙo mini gwangwanin ya ce, "Baba, wannan kuma mene ne? A zubar?" Na karɓa na buɗe. Kowace waya tana wurinta, an yi mata darma tsaf, har da jar. Shi kaɗai ya zauna ya gama shi a cikin makonnin nan uku. Yana nan a kan tagata. Ban iya jita ba, kuma a duk Haɗeja ban san wanda zan kai wa ba.

Ku da kuka san Malam Kyari, ku sani Habu yana nan kwance a gidansa. Bakinsa ya karkace amma yana gane mutane, kuma har yanzu yana dariya in aka tuna masa da waken Inna Falmata. Ku riƙa leƙa shi, ko ba ku da abin cewa.

Allah Ya jiƙan Malam Kyari, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yafe mini Juma'o'in nan uku. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sa masa abokan zama na gari, kada Ya bar shi shi kaɗai. Amin.