Kwandalar Laraba ta Malama Dijatu

Ranar Litinin, sha huɗu ga watan Yuli na shekarar 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malama Dijatu a asibiti a nan Azare, bayan jinyar sati uku. Ina bakin murhu ina suyar ƙuli maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta faɗa mini. Na ce daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, na sake faɗa, sannan na zauna a ƙasa. Ƙulin ya ƙone a kasko ban tashi ba. Bayan azahar aka yi mata sutura, aka kai ta makwancinta.

Malama, ni ba mai rubutu ba ce. Bokona a aji huɗu na firamare ya tsaya. Amma ke ce kika hana ni jin kunyar abin da na iya, shi ya sa na ɗauki biro.

Ga wanda bai san ta ba, Malama Dijatu haifaffiyar garin Katagum ce, aure ya kawo ta Azare. Sama da shekara arba'in tana karantar da matan aure da zawarawa a tsakar gidanta, daga bayan la'asar zuwa gab da magariba, Asabar zuwa Laraba. Ba ta da allon suna a ƙofa, ba ta da kujeru. Tabarmi ne, da rumfar kara, da alluna jingine da bango. Da ɗinkin hula take cin abinci, sai abin da ɗanta Malam Najmuddeen, malamin sakandare, yake kawo mata.

Kowa ya san kuɗin Laraba, ɗan abin da mai karatu yake kai wa malami a ƙarshen satin karatu. Ke, Malama, dokarki ɗaya ce a kansa tun da kika fara karɓarsa: kuɗin da ya fi kowane ƙanƙanta a ƙasa, shi za a kawo, ba ƙari ba ragi. Da kwabo kika fara. Da aka daina kwabo kika koma na gaba da shi. A haka har aka zo kan kwandalar kwabo hamsin, a nan kika tsaya.

Fanna, wadda ta fi mu daɗewa a gabanki, ita ta ba ni labarin abin da ya faru da kasuwa ta daina karɓar sulalla. Ta ce da kwandala ta ɓace daga hannun mutane, sai kowa ta fara kawo abin da ta samu. Wannan ta ajiye ashirin, waccan hamsin, wata ta fito da ɗari tana karkaɗewa. Ba a yi wata biyu ba kika lura ranar Laraba tabarmi biyu ba sa cika. Asabar kowa na nan, Lahadi kowa na nan, Laraba sai ciwon kai ya kama mata takwas lokaci ɗaya. Ba ki yi wa kowa faɗa ba. Kika shiga ɗaki kika fito da gwangwanin madara cike da kwandaloli, kika ce daga yau ba kya karɓar takarda.

Ni na zo miki shekara tara da suka wuce, wata biyar bayan rasuwar mijina, da yara huɗu da allon aro. Na faɗa miki gaskiya tun a zaure cewa ba ni da abin biya. Sai kika tambaye ni ko akwai gamba a hanyar gidanmu, alƙalumanki sun ƙare. Washegari na kawo miki karan gamba guda biyar. Kika juya su, kika gwada ɗaya da farce, kika ce, “Na saya.” Kika sa mini kwandala a tafin hannu.

Allah Ya yafe mini, a hanya na yi fushi. Na ɗauka kin mayar da ni ƙaramar yarinya. Me zan saya da ita? Ko ashana ɗaya ba za a ba ni ba. Sai da Laraba ta zo na ga mata sun yi layi, kowa da irin tawa, kowa ta jefa a gwangwani ta yi ƙara iri ɗaya. Na jefa tawa. Babu wadda ta ɗago kai ta dube ni.

Haka abin yake tafiya. Cikin sati kina sayen abin da makaranta take bukata a hannunmu: gawayi da ƙaro na tawada, tsintsiya, bokitin ruwan wanke allo, sharar rumfa. Ranar Laraba kuɗin ya dawo gwangwani. Kwandalolin nan su ne dai suke zagayawa, har mun san wasu da kamanninsu. Akwai mai lanƙwasa a gefe da kowa take gudu, don ba ta ƙara sosai. Duk mun san abin da kike yi, kuma ba wadda ta taɓa faɗa.

Kina da ciniki kuwa. Wata rana Fanna ta kawo gawayi ta ce yau kwandala biyu za a ba ta, komai ya tashi, man fetur ma ya tashi. Kika ce, “Fanna, gawayin naki a mota ya zo?” Ta ce ƙafarta ma mai take sha. Kika ce to ta ƙara ƙaro a kai. Sai da ta koma gida ta ƙaro.

Ban manta da Hajiya Ummi ba, matar wani babban ɗan kasuwar hatsi. Larabarta ta farko ta ninke dubu ɗaya za ta tura a gwangwani. Kika riƙe hannunta a hankali, kika ce wannan ba ya shiga nan. Ta ce ai ba ta da kwandala, a ina ma ake samunta yanzu? Kika nuna mata tsintsiya. Hajiya Ummi, da zobban zinarenta, ta share rumfa tas, kika duba kika ce akwai saura a lungu. Daga baya kin gaya mata in tana son yi miki alheri ta aiko da gero ta ƙofar baya ranar da babu karatu. Ta yi ta aikowa har kika bar duniya. Amma a kan tabarma, kwandalarta da tawa ɗaya ne.

Malam Najmuddeen bai taɓa yarda da wannan tsari ba, kuma a gabanmu yake faɗa cikin ladabi. Duk lokacin da aka tayar da zancen a rediyo, ko a bar sulalla ko a soke su, sai ya shigo da shi gida. Yakan ce abin da ake kashewa wajen buga kwandala ya fi abin da take saye. Yakan ce kuɗin da mai gishiri ba ta karɓa, direba ba ya karɓa, yaro ma in ya gani a ƙasa ba ya sunkuyawa, riƙe shi ɓarnar dukiyar jama'a ce. Gara a soke shi kowa ya huta, a yi abin amfani da kuɗin. Ke kuma tambayarki ɗaya ce kullum.

“Har yanzu kuɗi ce, ko sun soke?”

“A takarda dai kuɗi ce, Inna.”

“To, takardar ta ishe ni.”

Mun ɗauka taurin kai ne na tsufa. Sai wata Laraba da ruwa ya hana mu tafiya gida, rumfa tana yoyo muna ta matsar da alluna, kika yi mana bayani. Kika ce muddin hukuma ba ta soke ta ba, wadda ta jefa kwandala ta biya, ba ƙarya a ciki, ko a gaban Allah. Ranar da aka soke ta kuwa ta zama ƙarfe, ke kuma ba za ki tara matan mutane kuna wasa da ƙarfe da sunan biya ba. Kika ce kina tsoron wannan rana, don kin ga yadda ake yi: duk sanda aka cire na ƙasa, wanda yake tsaye a kansa ne yake faɗuwa, su kuwa masu cirewar ba su taɓa tsayawa a nan ba.

Malam Najmuddeen yana bakin ƙofa da kwanon tarar ruwa a hannu. Ya ce to Inna, tunda dai ba abin da kike samu, ki ce kyauta ne mana, a huta da zagaye-zagaye. Kika ce masa kin gwada kyauta a shekarunki na farko. Macen da take karatu kyauta, in ba ta gane ba ba ta tambaya, don tana ganin ta riga ta ɗora wa malami nauyi. Wadda ta biya kuwa za ta tsayar da ke sau uku a aya ɗaya, ta ce a maimaita. Kika ce, “Ba kuɗinsu nake so ba, Najmu. Bakinsu nake so.”

Ni shaida ce. Kaina ba ya kama karatu da sauri. Akwai shafin da na sa kika maimaita mini kwana shida, ban ji komai ba, don na san Laraba zan jefa tawa.

Amma Malama, dole in faɗi ɗaya ɓangaren, don ke ba kya son rabin magana. Da ciwo ya kwantar da ke, muka zo asibiti mu ashirin da uku, muka cika baranda. Aka rubuto magani. Gwangwaninki yana gida cike, kuma ko ƙwaya ɗaya ba zai sayo ba. Malam Najmuddeen ne ya sayar da babur ɗinsa. Hajiya Ummi ta kawo nata, yayanki Alhaji Bappayo ya zo daga Katagum da nasa. Ni kunun gyaɗa na dama na kawo, shi ma ba ki iya sha ba. Shekara tara ina biyan ki da abin da ba zai saya miki ko ruwan sanyi ba. A barandar nan na ga gaskiyar ɗanki, ta yi mini ciwo, kuma ban daina ganin taki ba. Har yau na kasa haɗa su wuri ɗaya.

Saboda haka ban san abin da ya kamata ƙasa ta yi ba. Masu ilimi sun ce asara ce, na yarda sun fi ni lissafi. Abin da na sani kawai, a wani gida a Azare kwabo hamsin ta zaunar da mai suyar ƙuli da matar attajiri a tabarma ɗaya shekara da shekaru. In za su soke ta, ina roƙo su san da wannan kafin su sa hannu. Ko ba zai canza komai ba, su dai sani.

Bayan addu'ar bakwai Malam Najmuddeen ya tara mu. Allah Ya saka masa, ya ce ba zai rufe makarantar mahaifiyarsa ba. Ya samo Malama Sadiya, 'yar Jama'are da take aure a nan, mai ilimi da natsuwa. Sai dai ita haya take biya, tana da yara, ba ta ɗinkin hula. Dubu biyu a wata kowace mace. Wallahi bai yi yawa ba, ko'ina ya fi haka. Fanna ta tambaya ko za a bar Laraba yadda take. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba Fanna, da me malamar za ta ci?”

A cikinmu ashirin da uku, tara ne suka koma. Fanna ba ta koma ba. Ni izu bakwai suka rage mini in sauke, Malama, ke kin sani, kin ma ce bana da yardar Allah za ki ci shinkafar saukata. Abin da nake samu a ƙuli ba ya kai mu ƙarshen wata. Hajiya Ummi ta zo har gida, ba ta aiko ba, ta zauna a kan turmina ta ce za ta riƙa biya mini, ba wanda zai ji. Ta yi kuka, na yi kuka. Kwana uku ina juya maganar. Izu bakwai ba abin bari ba ne, shekaruna kuma ba baya suke komawa ba. Na karɓa.

Ranar Asabar da ta wuce na je. Malama Sadiya ta biya mini sabon shafi sau biyu, da murya mai daɗi, ba gaggawa. Akwai wuri a tsakiya da harshena ya ƙi bi. Ta ce, “Baba Kaltum, ya zauna ko in ƙara?” Hajiya Ummi, mai biya mini, tana gefena, idonta a kan allonta. Na ce ya zauna. Na ɗauki allona na dawo gida, kuma har yanzu da nake wannan rubutu bai zauna ba.

Ba ƙara na kawo miki ba, Malama. Kowa ya yi mini iyakar alherinsa. Na saba ne in abu ya gagare ni ke nake faɗa wa.

Ya Allah, ga baiwarKa Dijatu ta zo gare Ka. Ka jiƙan ta, Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Duk harafin da ta sa a bakin wata mace, Ka sa ta same shi a mizaninta. Yadda ta rufa mana asiri a gaban junanmu, Ka rufa nata ranar da asirai za su tonu. Ka haɗa ta da iyayenta da malamanta a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Najmuddeen, wanda ya riƙe mahaifiyarsa har ƙarshe, da ƙanwarsa Jannatu da ke aure a Gadau, da Alhaji Bappayo da dukan dangi na Katagum, da jikoki. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya mayar wa Malam abin da ya kashe da mafi alheri. Ta'aziyya kuma ga 'yan'uwana mata na makaranta, waɗanda suka koma da sha ukun da suke gida. Wanda duk ya karanta wannan, ya yi wa Malama addu'a, ya sa da mu: Allah Ya sa mu sauke kafin namu lokacin ya zo, in kuma bai ƙaddara ba, Ya karɓi inda muka tsaya.

Kaltum, ɗalibarta, daga Azare.