Ganyen wankan jegona a Levenshulme

A filin jirgin Manchester aka ƙwace wa Umma ganyen darbejiyarta. Ta zo ne ta yi mini wankan jego, ta ciko leda biyu tun daga Kano. Wani ma'aikaci mai safar hannu ya ɗaga, ya sansana, ya jefa a shara cikin ladabi.

Ni ce 'yar farinta. Ba ta faɗar sunana, ba ta zama kusa da ni, in za ta yi mini magana bango take kallo. Wankan nan na kwana arba'in shi kaɗai ne abin da kunya ta bar mata ta yi mini da kanta, shi ya sa ta yarda ta hau jirgi. Ni ma shi nake jira, ba zan ɓoye ba.

A shekarun nan hukumar gari ta rage ma'aikata, har aka daina yanke ciyawar filin da ke bayan layinmu a unguwar Levenshulme. Maƙwabta suna ta mita. Umma kuwa ta leƙa ta taga ta ce, "Ashe kuna da daji."

Da hantsi ta zumbula hijabi ta fita neman ganye. Ta dawo hannuwa sun yi luhu-luhu, wani ganye mai ƙaiƙayi ya gaisa da ita. Ta ce ganyen garin nan ba shi da tarbiyya. Washegari ta dawo da wani mai fararen furanni, ta ce ƙamshinsa ya yi mata, ta ɗora tukunya.

Mijina yana Birmingham yana karatun tsirrai, sai ƙarshen mako yake zuwa. Shekara uku yana abu ɗaya, ko tumatir bai taɓa shuka mana ba. Na ɗauki hoton ganyen na tura masa. Nan take ya bugo.

"Ina jin sylvestris ne, wato na daji da Latin. Amma yana da ɗan'uwa, kamar an tsaga kara, shi kuma poison ne. A hoto ba zan iya bambance su ba. Please, kar ya taɓa jikinki, balle baby."

"To ga Umma, ka gaya mata."

"Ni? Haba dai."

Mutumin da yake musu da farfesoshi ba ya iya haɗa ido da surukarsa. Ya kashe waya ya bar ni da aikin.

Na same ta a kicin tana gyara wuta. Na ce, "Umma, wai ganyen nan ana tsoron guba ne."

"In ji wa?"

"Shi."

"Ya gani?"

"A waya."

Ta daɗe tana kallon tukunyar. Sai ta sauke, ta tsiyaye ruwan, ta tambaye ni wane kwandon shara ne na ganye, don ta lura a nan ba a haɗawa. Da ta dawo ta fuskanci bango ta ce, "Na zo a banza ke nan."

Haushin kowa ya kama ni: mijina, ma'aikacin filin jirgi, har Latin ɗin. Na shige ɗaki na yi kukana.

Can na ji tana ta ɗora buta tana juyewa a bokiti. Ta ce, "Ke, taho."

A gida ganye ake tsomawa a ruwan zafi a riƙa fyaɗa wa mai jego. Umma ta tsoma tawul, ta duba shi, ba ta ga alamar magani a jikinsa ba, ta ajiye. Ta naɗe hannun riga, ta tsoma hannun nan da bai gama sacewa ba a ruwan da ke tururi, ta ɗora a bayana ta danna.

"Da zafi?"

"A'a, Umma. Ke fa?"

"Ina ruwanki."

Dukkanmu muna ƙonewa. Ta ce in na koma Kano kada in kuskura in gaya wa kowa ba da ganye aka yi ba, na ce to. Ta sake tsoma hannu. Shekarata ashirin da takwas a duniya, sai ranar na san tafin hannunta yana da kaushi.