Inna Saude da Ranar Kai Muzdalifa Tsafe

A unguwarmu ta Damba, cikin Gusau, duk wadda aka sa wa 'yarta rana, gidan Inna Saude take fara zuwa kafin ta je wurin tela. Sana'ar Inna Saude ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, amma abin da aka san ta da shi tsara biki ne: yaushe za a ɗora tukunya, yaushe za a zuba wa dangin ango, yaushe amarya za ta fito. Ba ta ɗaura agogo. Kiran salla da inuwar katanga sun ishe ta.

A da, sai bayan isha'i ake kai amarya ana ta guɗa. Tun da hanya ta ɓaci, ba mai son magariba ta riske shi tsakanin Gusau da Tsafe, sai biki ya koma na rana tsaka, Inna Saude kuma ta zama mai korar baƙi. Mace na tsakiyar cin waina za ta tsaya a kanta ta ce, "Hajiya, ƙulle sauran ga leda, ki ƙarasa cikin mota." Ana jin haushinta, ni ma na sha ji, amma ban taɓa jin wadda ta sallama dare ya yi mata a hanya ba. Sai dai in an watse ba mai cewa ta zauna a yi hira. Wa zai yi hira da wadda ta kore shi?

'Yarta ɗaya ce, Muzdalifa, ita ce ta fari ita ce auta. Mijinta ya rasu yarinyar tana goye. Don kunyar 'yar fari, Inna Saude ba ta kama sunanta, sai dai "waccan". Ba sa cin abinci kwano ɗaya, ko zazzaɓi yarinyar take yi ni ake kira in je in taɓa goshinta. Su biyu rak a gida, amma zamansu kamar na 'yan haya. Ni dai wannan kunya haushi take ba ni, na kuma faɗa mata ya fi a ƙirga.

Da aka sa ranar auren Muzdalifa da wani malamin makaranta a Tsafe, Inna Saude ta zo ɗakina ta zauna bakin gado, tana murza gefen zanenta.

"Suwaiba," ta ce, "na ware ɗan lokaci bayan azahar. In kowa ya duƙa ga abinci, ki kawo mini ita ɗaki ki ja ƙohwa. So nike in zamna da ita, mu biyu. In ban yi ba ranag ga, ban san ranad da zan yi ba."

Na ce yau kuma su Inna an tuna an haihu? Ta harare ni, amma idonta ya kawo ruwa.

Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Aka ɗaura aure da hantsi, walima ta kankama. Amma gwaggwannin amarya na Bungudu, dangin marigayi, motarsu ta lalace a hanya, ba su iso ba sai da aka idar da azahar. Su ne kuwa masu yi mata wanka su miƙa ta, ba mai taɓa amarya kafin su. Suka ci, suka yi salla, suka yi mitar an ba su ƙashi ba tsoka, sannan suka shige da yarinya. Ko da suka fito da ita a lulluɓe, inuwar katanga ta kai bakin rijiya, ladan na shirin kiran la'asar.

Ɗantsoho direba ya leƙo ta zaure. "Inna, rana ta tahi hwa. In na kai su, sai na maido 'yan rakiya."

Na kamo hannun Muzdalifa na nufi ɗakin uwarta da ita. Na ce, "Ko na shan ruwa ne ku zamna, Inna. Ba abin da zai hwaru."

Ta dubi inuwa, ta dubi matan da za su yi rakiya, wasu da goyo a bayansu. Yarinya ta tsaya daidai ƙofar ɗakin tana kuka cikin mayafi.

"Ku wuce da ita," in ji Inna Saude. "Maza, ku shiga mota."

Wallahi ji na yi kamar in mare ta. Abin da ya ƙara ƙona min rai, na san gaskiyarta ce.

'Yan rakiya suka dawo lafiya ana kiran magariba, kowa ya kama gabansa. Gida ya yi tsit, sai ledoji da kwanonin aro. Na sami Inna Saude bakin rijiya tana wanke-wanke ita kaɗai. Na kira lambar ango na ce a ba amarya, na cusa wa Inna Saude wayar a jiƙaƙƙen hannunta, na juya baya don kada ta ji nauyina.

Na jiyo muryar yarinyar, siririya: "Inna?"

Can Inna Saude ta gyara murya.

"Kun isa da rana?"

"Mun isa, Inna."

"To, madalla."

Ta miƙo min wayar, ta jawo wani kwano.